Wata shida a ofishin haɗaka kusa da Ƙofar Ƙaura

Shekara huɗu na yi a wani ɗan ofis kan titin IBB, ina yi wa 'yan kasuwa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lissafin haraji. Da haya ta zo ƙarewa bara, dillali ya aiko cewa kuɗi ya kusa ninkawa, kuma na shekara biyu ake so a dunƙule. Na je na same shi, ya ce, "Malam, in ba ka iyawa faɗa mani, mai kemis da mai POS na nan na jira." Ban ja da shi ba, don na san ba ƙarya ya yi ba.

Wanda ya ga filazoji na ta tashi a hanyar Kano da hanyar Dutsin-ma zai ɗauka wurin haya ya wadata a Katsina. Shaguna ne, ƙofar ƙarfe da ɗaki ɗaya, ba bayi ba wurin ajiye mota. Mai ginin ya sayi siminti a farkon 2024 sa'ad da buhu ya haye naira dubu 10, kuɗinsa yake so su dawo da wuri, kuma shago ne ke dawo da su. Gidajen GRA ƙungiyoyin agaji da makarantun kuɗi sun riga mu. Ga kuma mutanen Jibiya da Batsari da Safana da rashin tsaro ya koro cikin gari, mai ɗan hali a cikinsu shi ma wurin sana'a yake nema.

Haka na faɗa ofishin haɗakar nan, a saman wani bene. Tebur ake kamawa, a biya wata-wata, ba la'adar dillali ba kuɗin lauya. Mu takwas ne a zaure guda.

Abin da zan yaba masu ba tare da kwana-kwana ba shi ne wuta. Sola suka sa, kuma tana ɗaukar fanka da kwamfutoci da firinta har magariba. Ni da tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake shayar da janareta kamar jinjiri, wannan kaɗai ya isa ya riƙe ni. Intanet ɗin ba laifi da safe, amma bayan azahar, in samarin da ke haɗa bidiyo suka fara ɗora aikinsu, sai na koma datar wayata. Bayi tsaf, ruwa bai taɓa yankewa ba, akwai wurin salla.

Inda abin ya gaza shi ne sirri. Aikina maganar kuɗin mutane ce. Wani dattijo daga babbar kasuwa, da ya daɗe yana kawo mani takardunsa, ya hau benen nan da ƙyar yana dafa gwiwa. Ya zauna, ya waiwaya hagu da dama, ya sassauta murya ya ce, "Ɗana, a gaban yaran nan zan faɗi cinikina na shekara?" Akwai ɗakin ganawa guda ɗaya, sai ka rubuta suna tun jiya, in ka wuce awa ɗaya a caje ka daban. Ranar a cikin motarsa muka ƙarasa lissafin, takardu bisa cinya. Allo ma ba a bari ka kafa a waje, don haka wanda bai da lambarka ba zai san kana nan ba.

Ga mai zanen gini ko mai aikin da ba ya karɓar baƙi, wurin ya fi kuɗinsa. Lauya ko akanta kuwa ya yi tunani tukuna. Ni na sake biyan wata uku, amma manyan kwastomomina yanzu ni nake bin su shago bayan la'asar, kuma na bar sallahu wajen dillalai biyu: ofis a ƙasa nake so, ba saman bene ba, ko da can wajen Barhim ne.