Tarin Carl Barks na Fantagraphics: launin ya zauna daidai da takardar

Kamfanin Fantagraphics da ke Siyatil a Amurka ya fara fitar da tarin labaran zane na Carl Barks, mai zane ɗan Amurka, a 2011, kuma kundin farko da ya shiga kasuwa shi ne Lost in the Andes, mai ɗauke da labaran Donald Duck, agwagwar nan ta Disney, na wajajen 1948 da 1949. Bangonsa mai kauri ne, shafuka sun haura 200. Abin da ya fi cancantar a duba a aikin shi ne launi, domin a nan yawancin masu sake buga tsofaffin littattafan zane suke kwafsawa.

A zamanin da Barks yake zane, launuka 64 kacal ake amfani da su wajen buga littattafan zane. Tawada uku ce ake haɗawa, shuɗi da ja da rawaya, kowacce ko dai babu ita, ko kashi 25, ko 50, ko 100, sannan baƙi ya hau kai da layin zane. Takardar kuwa irin ta jarida ce, mai shan tawada, ba fara sol ba. Ɗigon tawada yana bajewa a cikinta, launin ya yi sanyi. Idan aka ɗauki waɗannan adadin yadda suke aka buga a farar takarda mai sheƙi, jan sai ya riƙa soka ido, rawaya ta yi kamar fenti. Wasu kuma sai su wuce gona da iri da kwamfuta, su cika sararin sama da launi mai narkewa daga duhu zuwa haske, su ƙara inuwa a kumatun agwagwa, har siririn layin alƙalamin mai zane ya nutse.

Fantagraphics ta kauce wa duka biyun. Rich Tommaso, wanda ya yi launin kundin farko, ya bi zaɓin launi na asalin bugun, ya shimfiɗa shi bai ɗaya ba tare da narkarwa ba, aka buga a takarda marar sheƙi. Ba hoton tsohon shafi aka ɗauka ba, wanda da an yi haka da ɗigon tsohuwar madaba'a ya haɗu da na sabuwa ya haifar da zane kamar saƙar tabarma. Layin baƙin daban aka samo shi, mai tsabta, aka sa sabon launi a ƙarƙashinsa. Duba shafukan da su Donald suke hawan duwatsun Andis cikin hazo: kowane karce na gefen dutse yana nan, kuma launi bai zarce layi ba kamar yadda yakan faru a tsohon bugu idan farantin madaba'a ya goce. Wannan shi ne daidai, domin hannun Barks a layi yake.

Akwai abin ƙorafi. Kundin da ya fara fitowa lamba ta 7 ne a jerin, ana fitar da su ba bisa tsari ba, kuma lambar ba ta fito ɓaro-ɓaro a bango ba, don haka mai tarawa sai ya bincika kafin ya saya. Bayanan masana da ke ƙarshen littafi ma ba su kai juna ƙarfi ba.

Mai saya wa yara kuma ya sani cewa labarin Voodoo Hoodoo na 1949 yana cikin wannan kundi, kuma yadda aka zana mutanen Afirka a cikinsa na raini ne irin na wancan zamani. Gara babba ya fara karanta shi kafin ya miƙa.