GARGAƊI: mai "maganin gargajiyar China" da na'urar gwaji ya cinye mini naira 385,000, ya kusa raba ni da uwata

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce duk abin da za a ce a ce, sai na faɗa, don har yanzu zuciyata tafasa take yi.

Naira 385,000. Kuɗin adashina ne, wata goma ina zubi daga ribar atamfa da leshi, da niyyar in ƙara jari bayan sallah. 385,000, ban ma haɗa da abin da muka kashe a asibiti ba.

Umma shekararta goma sha ɗaya da ciwon suga, ga hawan jini, ga ciwon gwiwa da ya sa sai a zaune take sallah. Tana shan metformin, maganin suga, da maganin hawan jininta, tana zuwa asibiti duk wata, lafiya lau muke lallaɓawa. Wata maƙwabciyata, wadda muke aji ɗaya a Islamiyya tun kafin in haifi ɗana na biyu, ita ta zo mini da labarin wani "Dokta" da ya yi karatun maganin gargajiya a China, wai yana warkar da suga gaba ɗaya cikin wata uku. Ban yarda nan take ba. Wallahi ban yarda ba, sai da ta yi mini sintiri sau uku, ta nuna mini bidiyon tsofaffi suna ba da shaida, sannan na ce mu je mu gani.

Wurin wani ofis ne a saman bene, da kujeru, da na'urar sanyaya ɗaki, da hoton jikin mutum mai ɗigo-ɗigo da rubutun China a bango. Shi kuma cikin farar riga irin ta likitoci. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Umma, yana ta "Hajiya sannu, Hajiya Allah ya ba ki lafiya". Ya ba ta wani ɗan ƙarfe mai waya ta riƙe a tafin hannu, wayar ta shiga wani akwati, akwatin kuma an jona shi da kwamfuta. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga takardu sun fito, da ja da kore da ruwan ɗorawa. Ya kalli allon, ya girgiza kai, ya ce, "Hajiya, ba kya samun barci da dare, sau huɗu zuwa biyar kike tashi fitsari, kuma tafin ƙafarki na hagu yana yi miki zafi kamar an zuba barkono."

Umma ta juyo ta kalle ni. Wannan kallon nake gani duk sanda na rufe ido. Ƙafar hagu, 'yan'uwa. Bai ce dama ba, hagu ya ce. A nan na saki jiki, a nan aka gama da ni. Sai da muna kwance a asibiti na tuna cewa a cikin adaidaita sahu, muna hanyar zuwa, ni da bakina na zayyana wa maƙwabciyar komai, har da maganar ƙafar hagu, ita kuma tana ta danne-dannen waya. Ni na ba su amsar da kaina, shi ya karanto mini ita daga kwamfuta, na biya 5,000 kuɗin gwaji ina godiya.

Kuma kada wani ya shigo ya ce mini jahilci ne ko son banza. Na yi karatu, na san ciniki, shekara takwas ina mu'amala da 'yan kasuwar Kantin Kwari ba a taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa ba. Na yi masa tambaya. Na ce, "Dokta, mene ne tabbacin maganin China yana aiki?" Ya yi murmushi ya ce in ɗauko wayata in duba sunan Tu Youyou. Na duba a gabansa. Gaskiya ne, mace ce 'yar China da ta sami kyautar Nobel a 2015 saboda ta ciro sinadarin artemisinin daga wani ganye da suke kira qinghao, dangin tazargade, kuma daga shi ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha a gidajenmu. Ya ce, "Kin gani? Abin da kike ba yaranki ma daga ganyenmu yake." To ku faɗa mini, wa zai ga haka a wayarsa da idonsa bai yarda ba? Da gaskiya ya lulluɓe ƙaryarsa. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, ita wannan baiwar Allah shekaru aka yi ana gwada abin da ta gano kafin a ba mutane, shi kuwa robobi ne ya ciro daga durowa.

Kashin farko 140,000. Robobi huɗu na ƙwayoyi, kwalin shayi biyu, da wani filasta da ake manna wa a tafin ƙafa da dare wai yana zuƙo guba. Da safe ka ɓare ka ga ya yi baƙi yana wari, Umma har murna take tana nuna wa baƙi. Daga baya ɗan yayana ya ɗiga masa ruwan famfo, ya yi baƙin nan sak.

Na tsallake wani abu, kuma shi ne mafi muni. Tun ranar farko, kafin ma in tura kuɗin, ya ce dole Umma ta ajiye maganin asibiti, wai "kemikal" da ganye ba sa haɗuwa, ɗaya yana kashe ɗaya. Na ɗan yi jim. Ya ce, "Hajiya ƙarama, shekara goma sha ɗaya tana sha, ta warke?" Na rasa amsa. Ni na kwashe magungunan daga kan madubinta na zuba a leda na kai ɗakina. Da hannuna.

Sati biyun farko kuwa sai ka ce an yi mata sabon jiki. Gwiwa ta daina ciwo, ta yi sallah a tsaye, ta riƙa cin abinci kamar ba ita ba, fuskarta ta ciko. 'Yan'uwa suna zuwa suna cewa Umma ta yi ƙiba, ma sha Allah. A wannan lokacin ne, ko kafin nan da kwana biyu, na manta, amma yana cikin saƙonnin, ya kira ni ya ce tun da na ga aiki da idona, me zai hana in yi rajista in zama wakiliya da 100,000, in riƙa samun magani a rahusa, kuma duk wanda na kawo a ba ni kaso. Na biya. Daga nan kashi na biyu, wani 140,000, wai wannan ne mai "wanke saifa". Ina rahusar? Ya ce sai a kashi na uku za ta fara aiki. Ku lissafa: 5,000, da 140,000, da 100,000, da 140,000. Naira 385,000 cif.

Ranar wata Talata da asuba na shiga gaishe ta na tarar tana magana ba kan gado, leɓenta ya bushe, ta sha ruwa ya fi a ƙirga cikin dare, ba ta ma gane ni sosai ba. Muka ɗauko na'urar gwajin suga da muka jefar a lungu tunda "Dokta" ya ce ba a bukatarta, ta ƙi nuna lamba saboda tsabar hawa. Na kira shi sau bakwai. Da ya ɗauka cewa ya yi, wai gubar ce ke fita, in ƙara mata ƙwaya biyu in ba ta shayin da ɗumi. Allah ya saka wa Yaya da alheri, shi ya fizge wayar ya kashe, ya ɗauke ta sai asibiti. Kwana shida muka yi.

Likitar da ta duba ta ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juya robar a hannunta, ta dubi fuskar Umma, ta ce tana zargin an cusa sitiroyid a cikin ƙwayoyin, irin su dexamethasone, domin shi ne ke ɗauke ciwon gaɓoɓi nan da nan, ya buɗe ciki, ya kumbura fuska, sannan ya harba suga sama. Ta ce sai an kai ɗakin gwaji za a tabbatar, kuma ko daina shi ba a yi rana ɗaya, sai a hankali. Wato ƙibar da muke yi wa ma sha Allah, kumburi ne. Sun duba ƙodarta ma, alhamdu lillahi ba ta taɓu ba. A daren nan ina zaune a gefen gado na karanta cewa a Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka haɗa da wani ganyen China mai guba. Na ajiye wayar na yi kuka har na gode wa Allah.

Yaya yana zuwa birnin Guangzhou na China saro kaya. Ya ce a can masu wannan ilimin da gaske a jami'a suke karanta shi, asibitocinsu daban, likita ya riƙe hannunka ya ji bugun jini, ya duba harshenka, ya yi ta tambaya kafin ya rubuta maka komai. Bai taɓa ganin wanda ya ce mai suga ya jefar da maganinsa ba. Don haka ni ba da maganin China nake faɗa ba, da wannan ɓarawon nake. Yaya ya tura yaron shagonsa sau biyu a rana daban-daban, lafiyayyen saurayi, ranar farko ya ce shekararsa 24, rana ta biyu ya tarar da yarinyar ofishin ya ce 50. Takarda biyu, cututtuka daban, mutum ɗaya. Ina da su duka biyun.

Lambar NAFDAC da ke jikin robobin ma mun duba ta a Greenbook, wato jerin magungunan da hukumar ta yi wa rajista a intanet, babu ita. Biyu daga cikin robobin lamba ɗaya ce a jikinsu, an manna takarda a kan wata takardar, ranar lalacewa kuma an kankare. Duk wannan a cikin minti biyar aka gano. Minti biyar, kuma ina da waya a hannuna tun ranar farko, amma sunan Tu Youyou kawai na duba don shi ya ce in duba.

Da na koma neman kuɗina, ofis a kulle, mai gadi ya ce sun kwashe kaya tun ranar Asabar. "Doktan" ya toshe ni a WhatsApp, lambar ba ta shiga, ko sama ko ƙasa. Maƙwabciyar ta zo tana rantsuwa tana kuka, wai ita ma ta zuba nata, wai ce mata aka yi tura bayanin maras lafiya kafin ya iso yana taimaka wa na'urar. Ban san me zan yi da ita ba. Mun haɗu a Islamiyya jiya, ban iya ɗaga kai na kalle ta ba. Shi kuwa ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi, ba don 385,000 kaɗai ba, don durƙusawar nan da ya yi wa Umma yana kiranta Hajiya.

Hotunan rasit na banki guda huɗu, hirarmu ta WhatsApp, muryarsa inda yake cewa a ƙara ƙwaya biyu, da takardun gwajin yaron, duk suna hannuna. Mun kai ƙara inda ya dace, an ce in dakata da sakin sunansa da lambar asusun, da zarar an ba ni dama zan ɗora su nan ɗaya bayan ɗaya.

Ku dai, duk wanda ya ce ku ajiye maganin asibiti, ku tashi ku bar wurin. Kada ku riƙe ƙarfen nan, ku duba lambar NAFDAC kafin ku biya ko sisi. Idan akwai wanda aka yi wa irin wannan a ofishin saman bene da filastar ƙafa, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ana bukatar ƙarin masu shaida kafin ranar Litinin.