Faifan garmaho, CD ko kaset: wane bugun Energy ya kamata ka saya?

Kundin Energy na ƙungiyar mawaƙa ta Operation Ivy ya fito a 1989 daga kamfanin Lookout! Records, a watan Mayun da ƙungiyar ta watse bayan wasanta na ƙarshe a zauren 924 Gilman Street na garin Berkeley, jihar Kalifoniya. Shekara biyu kacal suka yi tare. Amma yadda suka gauraya kiɗan ska mai tsalle-tsalle da zafin hardcore ya zama turbar da masu ska punk na Amurka suka bi a shekarun 1990. Biyu daga 'yan ƙungiyar, Tim Armstrong da Matt Freeman, sun je sun kafa ƙungiyar Rancid, ƙungiyar Green Day kuma ta sake rera waƙar Operation Ivy mai suna Knowledge. Wannan suna ne ya sa bugu-bugun kundin suka yi yawa a kasuwa, na gaske da jabu.

Abin da za ka fara dubawa shi ne yawan waƙoƙi. Faifan garmaho na asali 19 ne a cikinsa. CD ɗin 1991 kuwa, wanda ke ɗauke da sunan ƙungiyar, 27 ne: an ƙara shida na ƙaramin faifansu Hectic na 1988, da biyu daga tarin Turn It Around!. Wanda sauraro kawai ya dame shi, CD ya fi masa riba nesa ba kusa ba. Akwai na Lookout! a hannun 'yan gwanjo, akwai kuma wanda kamfanin Hellcat Records ya sake gyara wa sauti ya fitar a 2007. Kada ka sa rai gyaran ya mayar da kiɗan sumul. Da gaggawa aka naɗe shi, da kuɗi kaɗan, kuma wannan kaushin na cikin daɗinsa.

A faifan garmaho ne ake yawan cutar mutane. Lambar Lookout 10 a jikin kwali ba shaida ba ce cewa bugun farko ne, domin kamfanin ya yi ta maimaita bugawa da lambar nan shekara da shekaru. Ka sa mai sayarwa ya turo hoton rubutun da aka karce a santsin da ke kewaye da tambarin tsakiya, gaba da baya, ka gwada shi da abin da ke Discogs, shafin intanet mai tattara bayanan faya-fayai. Ka tambaya ko takardar baitocin waƙoƙi na ciki, don rashinta na karya farashi. Darajar VG+, wato faifan da aka yi amfani da shi amma yana da kyau sosai, ta wadatar. Ƙasa da haka ƙarar karce za ta yi ta damunka. In faifan ya lanƙwashe, yawanci zafi ne ko jibge shi a kwance, allura za ta riƙa tsalle tun a waƙoƙin gefe, kuma miƙar da shi a gida sai a ƙara ɓata shi. Bugun Hellcat na 2012 ya fi sauƙin kuɗi, ga shi babu shakku a kan asalinsa. Shi muke ba wa sabon mai tara faifai shawarar ɗauka.

Kaset kayan ajiya ne kawai. Ɗan soson da ke danna zaren yakan ɓalle, zaren kuma ya saki saboda tsufa.

Sai faya-fayan wasannin kai tsaye da ake tallatawa da tsada wai ba a samunsu. Kundi cikakke ɗaya tal ƙungiyar ta fitar, saboda haka mafi yawan waɗannan bugun bayan fage ne, sautinsu a dishe. In ba ka ga Lookout! ko Hellcat a jiki ba, ka nemi a kunna maka ka ji kafin ka biya.