Injiniyan Ikeja da ya buɗe mana rumbun bayanai

A saman wani bene da ke titin Otigba, cikin Computer Village a Ikeja, akwai ɗan shagon da ba a sayar da waya ko caja. Gyaran manhaja da rumbun bayanai kawai ake yi. Wani matashi Bazazzagi ne ke riƙe da shi, kowa Injiniya yake ce masa. Shi muka kira da lissafin sitonmu na wake da shinkafa a Mile 12 ya kulle.

Maigida ne ya sayi sabuwar kwamfuta, aka ɗora mata Ubuntu, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, da MySQL, manhajar rumbun bayanai, aka juye bayanan tsohuwar a ciki. Daga nan ƙofa ta rufe. In na shiga phpMyAdmin, shafin da ake duba rumbun ta cikinsa, da sunan root, wato babban mai kula, sai ta watso min "Access denied" da lamba 1698. Manhajar kashiya kuma 1045 take nunawa. Ga bashin 'yan kasuwa duk yana ciki, ga motar kaya ta iso daga Dawanau. Wani da muka fara nema ya ce a goge komai a sake, Alhaji ya ce ko kusa.

Abin da ya burge ni da Injiniya shi ne bai ɓata lokaci kan kalmar sirri ba. Ya ja kujera, ya buga sudo mysql, sai ga shi a ciki ba tare da an tambaye shi komai ba. Ya buɗe teburin mysql.user, ya ɗora yatsa kan layin root, inda aka rubuta auth_socket. "Malam, kalmarka daidai take, ba ita ake dubawa ba." Ashe tun MySQL 5.7, a kan Ubuntu, root ba ya shiga da kalmar sirri in ba an canza tsarin ba. Ana duba wanda ke riƙe da ita kanta kwamfutar ne. Shi ya sa phpMyAdmin ke cin karo da bango.

Na kashiya kuwa daban ne. Wanda ya yi juyen ya kwaso rumbun sito kaɗai, alhali sunayen masu shiga da izininsu suna zaune a wani rumbu dabam mai suna mysql. An kawo kaya, an baro makullai. Sannan MySQL na haɗa suna da wurin da aka shigo, don haka kashiya daga localhost, wato ita kanta kwamfutar da rumbun ke ciki, da kashiya daga kwamfutar gaban shago mutum biyu ne a wurinta, kowanne da nasa izinin.

A nan suka ɗan ja da maigida. Alhaji ya ce a ba kowa root a huta. Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, in yaro ya goge teburin bashi da kuskure, wa za a kama?" Ya buɗe min asusun kula na kaina, kashiya kuma ya ba shi izinin dubawa da shigarwa da gyara kawai, ban da gogewa. Ya bar root yadda ya same shi.

Sai dai ba ya cika alkawarin lokaci. Ya ce da hantsi, sai bayan la'asar muka gan shi, ya ɗora wa gosulon Ketu laifi, wanda kowa ya san ba sabon abu ba ne. Kuɗinsa ma da ɗan tsada, kuma na mota daban yake karɓa. Bayani kuwa sai ka matsa masa. In ka yi shiru, zai gama ya naɗe jakarsa ba ka san me ya taɓa ba. Kafin ya tashi, ka sa ya rubuta maka sunayen asusun da izinin kowanne a takarda, ya kuma haɗa su cikin ajiyar bayanan da ake yi duk mako, don ba ya yawan ɗaga waya in yana kan wani aikin.