Batir ne ko altanato, kuma daga ina luwul ke zuba? Amsa ga mai BMW 330Ci

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwanmu daga nan Maradi ya kawo tambaya. Ya sayi BMW 330Ci ta 2003, mai ƙofa biyu, ta hannu. Da daddare idan ya tsaya, fitilu da kilim a kunne, jar fitilar batir tana ƙyaftawa a tablo. Ya sa sabon batir, bai yi sati uku ba motar ta sake ƙin tashi da safe. Ga kuma luwul yana ɗiga inda take kwana, zuwa Damagaram da dawowa sai ya ƙara kusan rabin lita. Mai wuta ya ce a sayo altanato, bakanike ya ce a sauke akwatin giya a canza robar bayan inji. Wanne zai bi?

Ɗan'uwa, dakata da su duka biyun. Injin motarka M54 ne, mai silinda 6 a jere, kuma a wannan inji gidan filtar luwul yana saman altanato kai tsaye, a gefen direba ta gaba. Idan robar da ke tsakanin gidan filta da jikin inji ta bushe, luwul ɗin kan altanato da bel yake sauka. Abin da ake gani cuta biyu, sau da yawa ɗaya ce ta haifi ɗayar. Amma a auna kafin a yanke.

Mu fara da wuta, mu jera batir da altanato.

Batir mai ciwo da safe yake nuna kansa. Ka murɗa makulli, inji ya juya da nauyi ko ka ji ƙas-ƙas kawai. Idan aka ba shi wuta daga wata mota ya tashi, zai yi ta aiki duk yini, fitilu da haskensu, tablo babu jar fitila. Altanato mai ciwo kuwa a kan tafiya yake nuna kansa: fitila ta yi ja a tablo, hasken gaba ya dushe idan ka tsaya, ya ƙaru idan ka taka totur, fankar kilim ta rage ƙarfi, fitilun ABS da DSC (na'urorin hana birki kullewa da hana mota zamewa) su fara kamawa babu dalili. Jar fitilar nan mai hoton batir ba ta ce batir ya lalace ba, cewa take wuta ba ta shiga. Sabon batirin da ka saya, an bar jaki an doki taiki. Ya riƙe ka sati biyu da wutar da ya zo da ita, ta ƙare.

Mita ce ke raba gardamar, irin ƙaramar nan da kowane mai gyaran rediyo ke da ita. Batirin motarka yana baya a but, ta hannun dama. Bayan mota ta kwana, auna kan batir: bolt 12.6 cikakke ne, 12.4 ya ragu da kwata, 12.2 rabi ne, 12.0 saura kaɗan. Wani ya murɗa makulli kana kallon mita. Batirin da aka caja ya cika amma ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin tayarwa, ya gama aiki. Bayan inji ya tashi, mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. A zafin Afrilu da Mayu za ka iya ganin 13.6 ko 13.7, kada ka tsorata, ragileta, wato abin da ke daidaita wutar altanato, ita ce ke rage wuta idan ta ji zafi. Sai ka kunna manyan fitilu, kilim da fanka har ƙarshe, ka ɗaga inji zuwa juyi 2000. Idan ta tsaya sama da 13.5, caji lafiya. Idan ta sauko 12 da wani abu, batir ne ke ciyar da motar. Idan ta haura 15, ragileta ta saki, tana dafa batir, za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai a but.

Kada wanda ya cire maka kan batir inji yana aiki wai don a ga ko zai mutu. Wannan gwajin na zamanin fijo 504 ne. Motarka kwamfutoci ne a ciki, batir ne ke shanye tsallen wuta, cire shi na daƙiƙa ɗaya yana iya ƙona kwamfutar inji ko tablo.

Caji ya yi ƙasa bai isa a ce altanato ya mutu ba. Akwai na uku da ake mantawa, wato hanyar wutar. Daga altanato zuwa but waya ce mai tsawon mota guda. Inji na aiki, kaya a kunne, auna kan babban notin bayan altanato, sannan ka auna kan batir. Idan can 14.2 nan 13.0, altanato ba shi da laifi, wutar a hanya take zubewa. Bambancin kada ya wuce rabin bolt. Sa baƙin tsinken mita a jikin mota, ja a jikin inji: fiye da 0.2 na nufin igiyar da ke haɗa inji da jikin mota ta yi tsatsa ko ta saki. Duba kuma jan kan batir da kyau. A wannan mota yana ɗauke da wata ƴar nakiya da ke yanke babbar wayar idan an yi hatsari. Motocin hannu da yawa sun taɓa buguwa kafin su zo mana, sai ka tarar an ɗaure wurin da waya ko an tura shi da ƙarfi, yana taɓawa yana saki. Ramin batir ɗin ma yana tara ruwan damina.

Idan an tabbatar a cikin altanato abin yake, nan ma iri biyu ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Gawayi ya cinye ko luwul ya liƙe shi: fitila tana zuwa tana tafiya, ta fi kamawa a tsaye, wani lokaci ramin hanya ya kashe ta. Wannan ya yi kama da abin da ka faɗa. Gawayin a jikin ragileta yake, ana kwance ta daga bayan altanato, idan tsawonsa ya koma wajen milimita 5 ya ƙare. Ana canza ragileta kaɗai, a wanke zoben tagulla da gawayin ke gogawa, muddin zoben bai yi rami mai zurfi ba. Diyod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ta ƙone kuwa: caji yana nan amma ba ƙarfi, rediyo yana kuka mai bin juyin inji, kuma batir yana zubewa cikin dare ko da an kashe komai. Juya mita zuwa ma'aunin bolt mai alamar AC ka auna inji na aiki, mai lafiya ba ya kai 0.1, idan ka ga rabin bolt diyod ta tafi. Kafin a sayo komai a karanta takardar jikin altanato, don Bosch da Valeo duka ana sa su a wannan inji, akwai mai amfiya 90 akwai mai 120, kayan cikinsu ba sa shiga juna. A ra'ayinmu, gyaran na asalin da ke jikin motar ya fi sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba.

Idan kuwa caji ya fito daidai, batir ma daidai, amma tana kwana ta ƙi tashi, ɓarawon wuta ne. A juya mita zuwa ma'aunin amfiya, a jona ta tsakanin baƙin kan batir da wayarsa, a rufe mota, a jira minti 20 ta yi barci. Abin da take ja kada ya wuce miliamfiya 50. A wannan mota wanda aka fi kamawa shi ne abin da ke sarrafa gudun fankar kilim, mai ƙayoyi kamar bushiya, da rediyon Android da aka jona ba daidai ba.

Yanzu luwul. Ƙa'idar ɗaya ce: ƙasa yake bi, iskar tafiya kuma baya take kai shi. Duk inda ya fito, ƙarshensa tsakanin inji da akwatin giya zai taru ya ɗiga. Shi ya sa wanda ya leƙa daga rami zai rantse robar bayan inji ce. Wurin da ya fi tsawo kuma ya fi gaba cikin wuraren da suka jiƙe ake nema.

Gidan filta da murfin kan inji su ne manyan waɗanda ake zargi, kuma ba sa kama da juna. Injin a kishingiɗe yake zuwa dama, don haka robar murfin sama idan ta fashe, luwul ɗin gefen salansa yake gangarawa. Za ka ji ƙauri idan ka tsaya a danja, wani lokaci ɗan hayaƙi ya taso ta gefen dama, ƙasa kuwa ba ta cika jiƙewa ba saboda yana ƙonewa kafin ya sauka. Ciro kwayil ɗin buji, idan ramin cike yake da luwul, ita ce, kuma shi ne ke sa inji rawa da safe. Robar gidan filta kuwa ba ta ƙauri. Gefen hagu take jiƙawa, ƙarƙashin gidan filta, bayan altanato, jikin inji mai ramuka kamar saƙar zuma ya cika da baƙin laka, daga nan ya bi gefen kaskon luwul har baya. Ita ce mai ɗiga a ƙasa, kuma zubarta tana ƙaruwa a doguwar tafiya, saboda luwul mai matsi ne ke bi ta wurin. Rabin lita a hanyar Damagaram ya fi kama da ita.

Maƙwabta biyu suna iya ruɗe ka a wannan gefen. Ƙaramin tiyon VANOS (na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul ɗin inji da matsin luwul) da ya fito daga gidan filta yana tsatsafowa ta inda aka matse robarsa da ƙarfe. Tankin man sitiyari shi ma a jikin gidan filta aka ɗaure shi, tiyoyinsa na ƙasa suna ɗiga kan altanato. Shimfiɗa kwali a ƙasan mota da dare: baƙi ko ruwan ƙasa na inji ne, ja-ja mai tsinkewa na sitiyari ne, shuɗi ko kore mai kama da ruwa na lagireto ne.

Robar kasko da robar bayan inji suna zuba su ma, amma ba a yanke musu hukunci sai sama ta bushe. Ta kasko sai an rataye inji an sauke gadar ƙasa, ta baya sai an sauke akwatin giya. Aikin kwana ne da kuɗi mai yawa, kuma idan zubar daga sama take, za ka biya ka dawo gida ka tarar da ɗigon nan a wurinsa.

Yadda ake ganowa: inji a sanyaye, a rufe altanato da leda, a wanke da sabulun cire maiƙo da burushi, ba da fetur ba, ba da ruwa mai ƙarfi na wurin wanki ba. A bari ya bushe. A barbaɗa hodar jarirai a kewayen gidan filta, gefen murfi da bakin kasko. A yi tafiyar kilomita 15 zuwa 20 a kan kwalta, ta hanyar Tibiri ko ta Ɗan Isa, a dawo a haska da tocila. Layin farko da ya yi baƙi cikin farar hodar shi ne bakin zubar. Lokacin hunturu ko hodar ba ka buƙata, ƙurar kanta tana zana maka hanyar.

Sai gwaji ɗaya na minti guda. Inji na aiki a tsaye, buɗe murfin zuba luwul. Ɗan tsotso kaɗan daidai ne. Idan murfin ya liƙe sai da ƙarfi, ko inji yana fito, bawul ɗin numfashin inji da ke ƙarƙashin bututun shan iska ya yage, inji yana shan luwul ɗin yana ƙonawa. Idan kuma iska ce ke turowa waje, ya toshe, matsin yana tura luwul ta kowace roba, sabuwar da za ka sa ma ba za ta daɗe ba.

Idan hoda ta nuna gidan filta, aikin biyu ya zama ɗaya, don ba a kai ga gidan sai an cire altanato. A cire baƙin kan batir tukuna. A fitar da akwatin filtar iska, fanka, bel, altanato, a kawar da tankin sitiyari da famfonsa. Kusoshi 6 ke riƙe da gidan kuma tsawonsu ba ɗaya ba, a soke su a kwali yadda suka fito. Tsohuwar robar za ta karye kamar busasshen kara. A goge fuskokin biyu, a sa sabuwa babu gam, a ɗaure da sifana mai awon ƙarfi a kan Nm 22, don jikin injin alminiyam ne, ƙarfin hannu yana cinye zaren. Tiyon VANOS da wasoshinsa a canza su tunda an buɗe. Murfin sama kuwa Nm 10 kawai, da sababbin robobin notuna 15, gam ɗan ɗigo a kusurwoyin rabin wata na baya da mahaɗar gaba. Roba ne murfin, a duba tsagewa kafin a mayar. Injin yana cin lita 6.5 da filta, 5W-40 mai kyau. Zuba mai kauri 20W-50 don a rage ɗigo ba ya gyara robar da ta bushe, VANOS kawai yake wahalarwa da safe.

Bel ɗin da ya sha luwul a jefar da shi, ba ya wankuwa, a juya ƙafafun da ke ɗame shi da hannu a ji ko suna ƙara. Wannan bel ɗin shi ke juya altanato, famfon sitiyari da famfon ruwa. Kafin ka kai ta garaji, idan jar fitilar ta kama ta zauna kuma sitiyari ya yi nauyi lokaci guda, bel ya tsinke. Sauka gefe ka kashe inji a wurin, ko da gida yana gabanka, don ruwa ya daina zagayawa, kuma ƴan mintuna sun isa kan injin ya lanƙwashe.