Wace manhajar naɗar allo za ka ɗauka idan ba ka son bidiyonka ya yi nauyi?

Masu koyar da Excel, da masu nuna wa mutane yadda ake cike fom a intanet, da masu sayar da manhajar lissafin shago duk kukansu ɗaya ne. A naɗi bidiyon minti 10 na abin da ake yi a allon kwamfuta, a duba a ga ya kai megabayit 600. Gmail ba ya barin ka tura maƙalallen fayil da ya wuce megabayit 25. WhatsApp kuwa idan ka tura masa a matsayin bidiyo, matse shi zai yi yadda ya ga dama, har ƙananan rubutu su dusashe. Wanda zai sauke kuma da kuɗin datarsa zai biya.

Kafin ka sa hannu a aljihu, ka san cewa tsadar manhaja ba ita ke rage nauyi ba. Saiti ne ke ragewa. Abin dubawa kawai shi ne ko manhajar za ta bar ka ka taɓa saitin.

Lissafin ba wuya. Bidiyon da ake zuba masa megabit 1 a kowace daƙiƙa yana cin megabayit 7.5 a minti. Idan 8 ne, ya zama 60 a minti, ga 600 ɗin nan na minti 10. Megabit 8 shi ne abin da YouTube ke ba da shawara ga bidiyon 1080p, amma wannan an auna shi ne da hoton kyamara, inda komai ke motsi. Allon kwamfuta kusan a tsaye yake. Linzami ya gusa, a buga kalma biyu, a buɗe taga. Tsarin matse bidiyo na H.264, wanda ya fito tun 2003, ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Jefi-jefi yake ɗaukar cikakke, tsakani kuwa abin da ya canza kawai yake rubutawa. Ka tilasta masa cin megabit 8 kan allon da ba ya motsi, ka yi hayar tirela don kai buhu ɗaya kasuwa.

Saboda haka tambayar farko ga kowace manhaja ita ce: tana da tsarin da ake zaɓar kyawun hoto a bar nauyi ya bi buƙata? Sunansa CRF, a wasu wuraren CQP ko RF. Lamba ce daga 0 zuwa 51 a H.264, kuma tana hawa nauyi na sauka. Ƙarin 6 a kanta yakan rage fayil kusan rabi. Tsakanin 23 da 28 rubutu na fitowa tas a yawancin darussa. Sai tambaya ta biyu, ko za ka iya rage yawan hotunan da ake ɗauka a daƙiƙa. 60 na masu wasan gem ne. 30 ya wadatar, 15 ma ya isa idan danne-danne da rubutu kawai za ka nuna.

OBS Studio ce ke amsa waɗannan duka, kuma kyauta ce a Windows da macOS da Linux. Ni ita nake fara ambatawa duk wanda ya tambaye ni, duk da cewa ranar farko fuskarta na iya tsorata mutum. An gina ta ne da masu watsa shiri kai tsaye a rai, don haka sai ka shiga sashen naɗi ka daidaita da kanka. A wurin zaɓen abin da zai matse bidiyon, ka zaɓi x264 da CRF idan kwamfutarka na da ƙarfi. Idan tsohuwa ce mai saurin zafi, ka koma Quick Sync na Intel ko NVENC na Nvidia. Su ba sa wahalar da na'ura, sai dai fayil ɗin kan ɗan fi nauyi a kyawun hoto iri ɗaya. Akwai kuma abin da ya shafe mu sosai, mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama: ka naɗa a tsarin fayil na MKV. Tsohon tsarin MP4 sai an rufe shi daidai yake buɗuwa, in kwamfuta ta mutu a tsakiya aikin ya tafi. MKV kuwa abin da aka riga aka naɗa yana nan, kuma OBS na juya shi zuwa MP4 nan take ba tare da hoton ya ragu ba. Rauninta shi ne ba ta da wurin yanke-yanke. In ka yi tari ko ka ɓata layi, sai ka nemi wata manhajar ta gyara.

ShareX ma kyauta ce, a Windows kaɗai. Ta fi dacewa da gajeren abu: ka ja akwati a kan sashen allon da kake so, ka naɗa, ka tura. Wannan jan akwatin ba ƙaramin amfani gare shi ba. Allon 1080p ɗigo sama da miliyan 2 ne, na 720p bai kai miliyan 1 ba. Amma kada ka naɗa a 1080p sannan ka ƙanƙance shi, rubutu ne zai sha wahala. Gara ka rage girman tagar tun farko, ka ƙara girman haruffa, ka naɗa a haka.

Abin da ya zo da na'ura fa? Snipping Tool na Windows 11 yana naɗar allo tun 2023, Mac na da nasa ta Shift da Command da 5, wayoyin Android kuma sun samu nasu daga Android 11. Suna da sauƙi, ba su da saiti na a zo a gani, fayilolinsu kuma sukan yi ƙiba, musamman na Mac. Xbox Game Bar na Windows ba ya naɗar fuskar tebur (desktop) ko File Explorer, don haka bai dace da darasi ba.

Camtasia ta kamfanin TechSmith ita ce ta kuɗi da ta cancanci a tsaya a kanta. Abin da kake biya shi ne gyara: zuƙo wani lungu na allo, haskaka linzami, yanke shirun da ba shi da amfani, sa kibiya da rubutu. Kuma gaskiya yankan ma na rage nauyi sosai, domin darasin minti 12 da aka mayar minti 7 ya riga ya zubar da kusan rabin kayansa. Idan koyarwa ce sana'arka kuma kullum kake yi, kuɗin na iya fita. Idan nauyi kawai ke damunka, ba ka buƙatarta. Bandicam ta kyauta tana tsayawa a minti 10 kuma tana manna tambarinta a kan bidiyon. Loom, wadda Atlassian ta saya a 2023, wata hanya ta bi: bidiyon na hawa intanet, kai kuma ka tura adireshi. Ta kyautar minti 5 ce iyakarta, kuma mai kallo sai da data duk lokacin da zai sake kallo. Ga ɗalibin da ke son ya sauke sau ɗaya ya yi ta maimaitawa, ba ta yi ba.

GIF kuwa, wato hoto mai motsi, a bar shi ga abin daƙiƙa biyar ko goma. Tsarin 1987 ne, launi 256 kacal, ba murya, kuma da ya yi tsawo yake fin MP4 nauyi nesa ba kusa ba. ScreenToGif na yin sa da kyau idan shi ake buƙata.

Wanda ya riga ya tara manyan fayiloli, ko ya saba da abin da yake amfani da shi, HandBrake ce maganinsa, ita ma kyauta. Ka jefa bidiyon, ka sa RF a wajen 26, ka mayar da murya layi ɗaya (mono) a kilobit 64. Mutane na manta murya, alhali a kilobit 128 kusan megabayit 1 take ci a minti, wani lokaci ta yi kafaɗa da hoton kansa. HandBrake za ta nuna maka sababbin tsare-tsaren H.265 da AV1, kuma lallai sun fi matsewa. Ni dai ina zama a H.264 idan ban san wayoyin masu kallo ba, don tsofaffin wayoyi da wasu kwamfutocin Windows kan ƙi buɗe sababbin.

Duk wadda ka karkata gare ta, ka naɗi gwajin minti 1 da ainihin manhajar da za ka koyar, har da gungura shafi sama da ƙasa, tunda nan ne nauyi ke tashi. Ka ninka nauyinsa da tsawon darasin. Sannan ka tura wa kanka ta WhatsApp a matsayin takarda, wadda ke ɗaukar har gigabayit 2 ba tare da an sake matse ta ba, ka buɗe a ƙaramar waya ka ga ko lambobin cikin akwatuna na karantuwa. In suna karantuwa, ƙara CRF da 2 ka sake gwadawa.