LTspice a Yamai: manhajar kyauta ce, samo samfurin IC ne aikin

LTspice manhaja ce ta gwada da'irar lantarki a kwamfuta kafin a taɓa ƙarfen soda. Linear Technology ne ya fito da ita, ta koma hannun Analog Devices a 2017, kuma har yau kyauta ce. Ba ta da nauyi, kuma da an sauke ta ba ruwanta da intanet. Ga masu gyaran inbata da cajar batirin sola a nan Yamai, ina ba da shawararta ba tare da wani ɗar ba.

Inda take gajiyar da mutum shi ne rumbunta na samfuran IC. IC su ne ƙananan na'urori masu ƙafafu da ke ɗauke da da'ira a cikinsu, samfuri kuwa fayil ne da ke gaya wa manhajar yadda IC yake aiki. Yawancin IC ɗin da ke ciki na kamfaninta ne, alhali abin da ke teburin mai gyara LM358 ne, da TL431, da LM317. NE555 yana nan, amma sauƙaƙƙe ne. Sauran sai an nemo daga shafin mai ƙera su, kamar Texas Instruments.

Idan ka sauko da fayil, fara buɗe shi da Notepad. In ka ga layin da ya fara da .subckt kuma rubutun yana karantuwa, madalla. In haruffa ne barkatai, an kulle shi; in ba don LTspice aka kulle shi ba, kada ka ɓata lokacinka. Ajiye fayil ɗin wuri ɗaya da zanenka, ka saka umarnin .include da sunansa. Ga LM358 ɗauki alamar opamp2 daga rumbun manhajar, ka maye gurbin sunan opamp2 da sunan da ke bayan .subckt daidai harafi da harafi.

Jerin ƙafafu ne ke kayar da yawancin mutane. Alamar opamp2 tana jiran In+, In-, V+, V-, sannan mafita. Wannan ba lambobin ƙafa takwas na jikin IC ba ne. Idan samfurin ya jera nasa daban, manhajar ba za ta ce uffan ba, za ta zana maka sakamakon banza. Ga sauran IC, buɗe fayil ɗin a cikin LTspice, ka danna dama a kan layin .subckt ta ƙirƙiri alama da kanta, sai dai tana liƙa cikakken adireshin fayil ɗin, shi ya sa zanen ke ƙin tashi idan aka kai shi wata kwamfuta.

Kada ka yarda da samfuri sai ka gwada shi shi kaɗai. LM358 a kan volt 12, mafitarsa takan tsaya wajen 10.5. Samfurin da ya kai 12 cif ba abin dogaro ba ne wajen tsara inda caja za ta yanke.

Sai zafi. Manhajar tana lissafi a digiri 27, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40 a inuwa, balle cikin akwatin inbata. Saka .temp 60 ka gani. In ba abin da ya motsa, samfurin bai san zafi ba, sai a koma ga takardar bayanan kamfani.